Ragama ko linzami? Amsa ga mai dokin da bakinsa ya fashe

Wani makaranci daga wajen Ringim ya rubuto: "Malam, bayan girbi na sayi ingarma a kasuwar Maigatari. Ba don hawan sallah na saye shi ba, zuwa gona ne da ziyarar dangi a ƙauyuka. Amma duk ranar da na sa masa linzami sai ya yi ta kaɗa kai, yawu na zuba har da jini. Na ga a Facebook ana tallar wani abin kai na ƙasar waje da ba shi da ƙarfen baki. In saya, ko in riƙa hawa da ragama kawai?"

Ɗan'uwa, kafin ka taɓa aljihu, buɗe bakin dokin nan ka duba. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili, dasashi ne zalla a kan ƙashi, a nan ƙarfe yake zama. Linzaminmu na gargajiya kuwa ba wasa ba ne: akwai harshen ƙarfe da yake tokarar saman baki, ga zobe da ya kewaye haɓa, da ka ja kamazuru, wato igiyar linzamin da mahayi yake riƙewa, sai su matse muƙamuƙi gaba ɗaya. An ƙera shi ne don mayaƙi da mai jafi, wanda zai taho a sukwane ya tsaya cak a gaban sarki. Mai zuwa gona ba ya bukatar wannan tsanani. Wani lokacin ma laifin ba na linzami ba ne. Turamen doki ba sa daina fitowa, gefensu yakan yi kaifi ya riƙa yankar kunci, likitan dabbobi yana goge su da magagari. A nuna masa, a riƙa wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, kada ƙarfe ya koma bakin sai ya warke.

Ana iya doguwar tafiya a daji ba ƙarfe? Ƙwarai kuwa. Yaran ƙauye da ragama suke kai dawaki shan ruwa, kuma masu gasar tafiya mai nisa a Amurka da Turai da yawansu haka suke hawa, don doki ya ci ya sha a hanya ba takura. Sai dai abin da yake tsayar da doki horo ne, ba abin da aka ɗaura masa ba. Fara daga ƙasa: ka ja shi, ka tsaya ya tsaya, ka ce ya ja baya ya ja. Ka ja igiyar dama a hankali har ya karkato da kai, da ya karkato ka saki nan take, don sakin ne yake koya masa. Sannan ka hau a cikin shinge ko gonar da aka girbe. Idan ya zabura, kada ka ja hannu biyu, zai jingina da hancinsa ya tafi da kai. Ja gefe ɗaya ka juya shi da'ira har ya lafa. Ingarma ne fa, ranar da ya ji ƙanshin goɗiya a burtali za ka san ko horon ya kama, saboda haka fitar farko ku tafi da wani mahayi mai natsattsen doki.

Na tallar nan kuma, a kula. Mai sanduna biyu na ƙarfe a gefe, da sarƙa a ƙarƙashin haɓa, yana ninka ƙarfin hannunka, azabar ce ta tashi daga baki ta koma hanci. Ni dai ba zan ce ka saya ba. Je wurin baduku ya ɗinka maka ragamar fata mai faɗin abin hanci, da zobe ɗaya a kowane gefe don ɗaura kamazuru. Ta zauna a kan ƙashin karan hanci, kamar yatsa biyu ƙasa da ƙashin kumatu. In ta sauko kan guringuntsi za ta toshe masa numfashi, doki kuwa ta hanci kaɗai yake shaƙar iska. Siririyar igiyar leda ta ƙauye ma ka bar ta, tana cin fata in gumi ya jiƙa ta.

Wani daga Bichi kuma ya tambaya ko zai iya shiga hawan sallah da irin wannan ragama.

A'a, Alhaji. Ga harbin 'yan bindiga, ga algaita da kalangu, ga yara suna kutsawa tsakanin ƙafafun dawaki. A wannan cunkoso ka bar masa linzamin da ya saba da shi, ka kai wa maƙeri ya goge duk wani kaifi da tsatsa, hannunka kuma ya yi sauƙi.