Tambayi Likita: Ɗana ba ya kula baƙi

Wata uwa daga Zariya: Likita, ɗana shekararsa 15, an ce yana da lalurar galahanga, wato autism, mai shafar yadda mutum ke hulɗa da jama'a. Zai yini yana warware rediyo yana sake haɗawa, amma baƙi su shigo ko kai ba ya ɗagawa. Dangin babansa sun ce girman kai ne.

Hajiya, ba girman kai ba ne. A 2002 Ami Klin da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi motsin idon matasa masu wannan lalura da na'ura suna kallon fim. Suka tarar sun fi kallon bakin mai magana da kayan ɗaki, idanu kuwa kaɗan. Wasu masana sun ce fuska ce ba ta jan hankalinsu kamar sauran yara. Amma da yawa daga masu lalurar cewa suke suna son mutane, haɗa ido ne ke takura su. Na fi ba wa maganarsu nauyi, don su ke ciki.

Kada ki matsa sai ya kalli ido. Mu dama yaro sunkuyar da kai yake gaban manya. Ki gaya masa ƙarara tun kafin baƙi su iso: "Kawu zai zo bayan la'asar, ka ce masa sannu da zuwa, sannan ka koma ɗaki." Rediyon nan kuma kada a ƙwace. In da mai gyara da kuka yarda da shi, a kai shi ya koyi sana'a. A kan abin da yake so zai fi sakin baki da mutane.

Wani malami daga Maraɗi: Ɗalibata ba ta gane habaici, ƙawaye na zolayarta tana dariya tare da su.

Malam, tsaya mata. 'Yan mata kan ɓoye lalurar galahanga ta hanyar kwaikwayon ƙawaye, shi ya sa ake makara wajen gano ta, kuma ɓoyon na gajiyar da su, har ya kai ga damuwa. Ka riƙa yi mata magana kai tsaye, ban da gugar zana, ka shawarci iyayenta su ga likitan ƙwaƙwalwa.

Wani uba daga Kumasi: Allurar riga-kafi ce ke kawo lalurar galahanga? Akwai magani?

A'a, Alhaji. Binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi, mujallar likitoci ta Lancet ta janye shi a 2010. Babu ƙwayar da ke warkar da lalurar. Akan ba da magani ne don abin da ya biyo ta, kamar farfaɗiya ko rashin barci.