Shin kuregen filin Amurka ne ke cinye wa shanu ciyawa?

Tambaya: Malam, ina karatun kula da makiyaya a jihar Kolorado, kuma ina aikin hutu a wata gonar shanu. Maigonar ya ce za mu zuba guba a ramukan dabbar nan da suke kira karen fili, wai tana hayayyafa kamar ɓera, tana cinye ciyawa, shanu kuma na karyewa a ramukanta. Raina bai kwanta ba. Gaskiya ya faɗa?

Amsa: Ɗan'uwa, gara da ranka bai kwanta ba. Ka riga ka san dangin kurege ce, haushinta ne ya ja mata sunan kare, don haka mu tafi kan maganar maigonar.

Zancen karyewar shanu, an fi jin sa a baki fiye da ganin sa a fili. Tambaye shi saniya nawa ya taɓa ɗaure wa ƙafa.

Batun hayayyafa kuwa shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji shi, har daga bakin masu digiri. Macen tana karɓar namiji rana guda tak a shekara. Haihuwa ɗaya take yi, 'ya'yan da ke fitowa daga rami ba su cika wuce uku ko huɗu ba, kusan rabinsu kuma ba sa kai shekara. Wane ɓera ne haka? Mutum ya ga kawuna birjik a fili ɗaya sai ya ce sun yi yawa, ya manta cewa taruwa ɗabi'arsu ce, kuma irin mai baƙar jela a cikinsu ya rasa fiye da kashi 95 cikin ɗari na filin da yake zaune a da. A farkon ƙarni na 20 an kiyasta wani garinsu guda, wato tarin ramukansu, a Tekzas da murabba'in mil 25,000, mai ɗauke da kimanin miliyan 400. Ina suke yau?

Wannan ƙiyayya tana da asali. A 1902 wani masanin gwamnati, Hart Merriam, ya rubuta cewa 256 daga cikinsu na cin abin da saniya ɗaya ke ci. Aka rungumi lissafin, hukuma ta shiga rabon hatsi mai guba shekara da shekaru, kuma har gobe jikokin makiyayan wancan zamani na maimaita shi kamar karatun allo. Abin da lissafin bai duba ba shi ne, ciyawar da suke datsewa tana sake toho mai taushi da gina jiki, shi ya sa ɓaunar Amurka ke son kiwo a garuruwansu. A arewacin Meziko an ga yadda ƙayar meskit ke mamaye makiyaya bayan an kawar da su, domin su ne ke gutsire ta tun tana ƙarama.

Ban ce babu gasa ba. A shekarar fari, idan sun cika babban ɓangaren makiyaya, shanu na rage ƙiba. Maganin wannan a auna fili ne, a rage garke ko a sauya wurin kiwo, a bar doguwar ciyawa a kan iyaka, tunda ba sa son inda ba za su hango maƙiyi ba.

Guba ba ta tsaya kansu. Shaho da mikiya da yanyawa na cin mushen, mujiyar rami ta rasa gida. Akwai wata dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, wadda kusan kashi 90 na abincinta karnukan filin ne. An ɗauka ta ƙare a duniya sai a 1981 karen wani makiyayi ya kawo gawar guda a Meeteetse ta jihar Wayomin. Guda 18 aka iya kamawa, da su aka sake raya irin.

Ga kuma annobar nan da ƙuma ke yaɗawa, wadda ta shigo ta San Faransisko wajen 1900, tana iya share garin karnukan fili guda cikin makonni. Ma'aikata na bin rami rami suna fesa hodar kashe ƙuma, maƙwabcinsu na zuba guba. Kai dai kada ka taɓa mushen karen fili da hannu, cutar na kama mutum. Ka kuma nemi maigonar ya kira jami'in namun daji na jiha ya duba filin kafin a buɗe buhun nan.