Kafin ka saka "ludicrous" a takardarka

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce kana shirin jarrabawar IELTS, ta gwada iya Turanci, don neman karatu a Ingila, ka tsinci kalmar ludicrous cikin manyan kalmomin da kake haddacewa, kana tambaya ko abin mamaki take nufi. A'a.

Ana faɗarta ne a kan abin da ya saɓa wa hankali har ya zama abin dariya, irin wanda mu za mu ce shirme ne tsagwaronsa. Tushenta Latin ne, ludus, wato wasa. Ta shigo Turanci a ƙarni na 17 tana nufin abin raha, daga baya ta yi kaifi. Ridiculous, 'yar'uwarta a ma'ana, kowa na furta ta a bas da kanti, ita kuwa wannan ta fi nauyi, ta fi fitowa a jarida da bakin 'yan majalisa idan suna caccakar juna. A nan Manchester za ka ji an jefa ta kan kuɗin haya ko tikitin jirgin ƙasa zuwa Landan, kuma babu wanda zai ji haushi, tunda farashi ake zagi.

Inda nake jiye maka shi ne ranar da za ka ɗora ta kan maganar mutum. Ka ce wa malaminka shawararsa ludicrous ce, ai ka ce masa bai san abin da yake yi ba. Mutanen nan ba sa ƙaryata juna gatsau a aji. Wanda bai yarda ba zai ce "I'm not sure I agree", wato ban tabbata na yarda ba, sai ya kawo dalilinsa. Malamin ba zai nuna maka ya ji zafi ba, amma ya riƙe, kuma shi ne zai rubuta maka takardar shaida gobe. Don Allah ka kiyaye wannan.

A jarrabawar ma, minti 40 ake ba da shawarar ka ware wa dogon rubutun da ke sashen rubutu, kalmomi aƙalla 250. Zaɓen kalma kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin, kuma dacewarta da wurin ake dubawa. Idan ra'ayi bai gamsar da kai ba, unconvincing (bai gamsar ba) ko unrealistic (ba mai yiwuwa ba ne) sun wadatar, sai ka bi da hujja.

Wajen furtawa, gaɓar farko ake dannawa: LU-di-kras. Ka turo mini rubutun gwajinka na gaba in duba maka. A gaida su Baba.