Ƙurar siminti ta rufe mini garka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da garka a bakin Gulbi. Shekara biyu ke nan da aka buɗe wurin sauke siminti da buga bulo gabas da ni. Tun daga nan ganyen tumatir da salati ya yi furu-furu, yana komawa rawaya. Na zuba takin zamani har buhu guda, shiru. Ƙasar ce ta mutu?
Mai garka, Maradi

Amsa: Ɗan'uwa, ƙasarka ba ta mutu ba, kuma ka dakata da sayen taki tukuna.

Ba kowace ƙura ce abokiyar gaba ba. Hazon hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi har ɗan abincin ƙasa yake kawowa. Ta siminti daban ce, kaifi gare ta irin na toka. Ganye take fara kamawa: ta toshe ƙananan ƙofofin da yake numfashi da su, ta tare masa rana, in raɓa ta sauka ta daskare. Shafa yatsa ka ji. Hazo yana gogewa, ita kuwa sai ka kankare.

Ƙasa a hankali take kamuwa. Jigawarmu mai tsami ce, ma'aunin pH ɗinta, wato awon tsami ko kaifin ƙasa, yakan tsaya wajen 5 zuwa 6, saboda haka ƙura kaɗan ba ta yi mata komai. Amma in ta yi ta taruwa har ya haura 7.5, sinadarin ƙarfe da fosforas sai su ɗaure. Suna nan a ƙasa, saiwa ce ba ta iya sha. Ga dukkan alamu abin da ya sami buhunka ke nan.

Dubi tumatirin. In sabon toho ne ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, ƙarfe ne ya ɗaure. In tsofaffin ganyen ƙasa ne, yunwar taki ce kurum. Sannan ka ɓamɓaro ɓawon ƙasa ka matsa masa lemun tsami. In ya yi kumfa, ƙurar ta zauna. Ka kai samfurin ƙasa wurin ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna su auna.

Kafin nan, riƙa wanke ganye da sassafe, ka yawaita kashin shanu ruɓaɓɓe, ka daina zuba toka. Ja darni ta gabas maso arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, ka dasa dogon yaro a bayansa. Salati, ni dai da na kai shi can nesa, tunda ɗanye ake ci.

Maƙwabcin naka kuma ka same shi da lalama, ya riƙa yayyafa ruwa a filin, ya rufe buhunan da tamfol. In ya ƙi, sai mai unguwa.