Wufa na ƙara bayan sa sabon rediyo a mota

Malam, ka ce tun da rewaya ya sa maka sabon rediyo, wufar da ta zo da motar, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, take wani irin kuka, ko da ka rage murya. Kada ka yi saurin sayen wata, da wuya laifinta ne.

Fara da wannan: tayar da mota, ka taka totur a hankali. In kukan yana tashi tare da injin, daga altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, yake shigowa, kuma galibi baƙar wayar rediyon ce, wato ta negatif, ba ta kamu da kyau ba. A ɗaure ta kai tsaye a jikin ƙarfen mota, a kankare fenti da tsatsa har wurin ya yi fari, a ja noti sosai. Wayoyin RCA ma, wato masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), kada su bi gefe ɗaya da wayar wuta.

In kuwa kukan bai canzawa, wataƙila wufar tana da amfilifayarta ta asali, wadda ƙaramin sigina take so. Wasu sukan jona mata wayar sifika mai ƙarfi, shi ke jawo shuuu ɗin nan. A nan sai a sa adaftar da ta dace da motarka tsakanin rediyon da amfilifayar.

Wace mota ce, ta wace shekara? Kuma ka cire kan batir kafin ka taɓa wayoyin, don Allah.