Camaro ta 1969 a kan dala 18,000: in zuba jarina?

Wani dillalin motoci daga Kano ya aiko da tambaya. Ƙaninsa da ke zaune a jihar Texas ya samo tsohuwar Chevrolet Camaro ƙirar 1969, ba ta tashi, mai ita yana neman dala 18,000. Ƙanin ya turo masa hotunan shafukan wata mujallar motoci inda ire-irenta suka yi kuɗi mai yawa a gwanjo, ya ce su haɗa hannu su gyara ta su sayar. Yana so ya san ko ya cire kuɗin daga jarin shagonsa.

Alhaji, amsata ita ce kada ka taɓa jarin shago. Amma tunda harka ce ta gaske da mutane ke ci da ita a Amurka, bari in nuna maka inda kuɗin yake da inda yake zurarewa.

Waɗannan motoci masu ƙwanji, kamar yadda Amurkawa ke musu laƙabi, zamaninsu gajere ne. Galibi ana fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964, lokacin da aka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas aka cusa a matsakaiciyar mota. Ford Mustang ta fito a wannan shekarar, Dodge Charger a 1966, Camaro a 1967. Kafin shekara goma kasuwar ta mutu: kamfanonin inshora sun tsawwala wa matasa kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin inji, sannan tsadar mai ta 1973 ta ƙarasa ta. Samarin wancan lokaci da suka yi sha'awa ba su da hali, su ne suka tsufa da kuɗi suka dawo suna neman motar ƙuruciyarsu. Su ne masu sayenka, kuma a can suke.

Yanzu ga abin da hoton mujalla bai gaya wa ƙaninka ba. A 1969 Chevrolet ta ƙera Camaro sama da 240,000. A cikinsu samfurin Z/28 bai wuce 20,000 da 'yan kai ba, ZL1 kuwa guda 69 ne kacal. Daga nesa duk jikinsu ɗaya. Wadda ta yi kuɗi a gwanjo da wadda ke kwance a bayan gidan wani suna iya zama launi ɗaya, shekara ɗaya, farashinsu kuwa kamar sama da ƙasa. Abin da ake saye shi ne asali. Masu harkar suna duba ko injin da giyabos ɗin da ke ciki su ne waɗanda motar ta baro masana'anta da su, domin ana buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin injin. In lambobin sun dace, mota ce ta masu tarawa. In an taɓa sauya inji, komai ƙyallin fenti, ta koma motar hawa.

Camaro tana da wata matsala ta daban. Lambar shasinta ta wannan shekara tana nuna ko silinda shida ce ko takwas, amma ba ta nuna ko Z/28 ce. Shi ya sa jabu ya yi yawa: a sayi tambari da ratsin fenti a manna, a kira ta da babban suna. Mai sayen Ford yana iya neman rahoton Marti, wanda aka ciro daga bayanan masana'anta tun daga ƙirar 1967. Mai sayen Pontiac yana da irin wannan rahoton daga kamfanin PHS. Mai Camaro sai ya dogara da takardun asali da suka rage a hannun mai ita da idon ƙwararre. Kai da ka saba duba lambar shasi kafin ka biya kuɗin mota 'yar Kwatano, ka san abin da nake nufi. Sayen wannan daga hoton waya cinikin biri a sama ne.

Sai gyara, wanda nan ne mutane suka fi ƙonewa. A garejinmu kuɗin hannu ne mai sauƙi, kaya ne masu tsada. A Amurka akasin haka ne. Kayan Camaro ba su da wuyar samu, har sabon bodi sukutum kamfanin Dynacorn yana bugawa. Lokacin bakanike da mai walda da mai fenti shi ne dukiya. Motar da za a kwance har ƙashinta a sake ɗaurawa tana iya cin awa 1,000 ko fiye. Mu ƙaddara awa ɗaya dala 100 ce: ka ga dala 100,000 ta tafi, ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba. Ƙara kuɗin ajiya, da inshora, da ɗaukar mota zuwa wurin gwanjo, da kamishon masu gwanjo. In Camaro ɗin gama-gari ce, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Waɗanda na ga lissafin yana yi musu daidai su ne masu yin aikin da hannunsu a garejin gida, shekara uku ko biyar, ba sa ƙirga lokacinsu saboda abin sha'awarsu ne. Ƙaninka bakanike ne? In ba haka ba, wa zai tsaya a kan aikin? Tsatsa kuma ba ta bayyana sai an kankare fenti. Motar da ta yi rayuwarta a jihohin arewa, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ƙasanta kan zama rariya. Kasancewarta a Texas yau bai nuna a can ta girma ba.

Game da mujallu, ina girmama su, kuma ina so ka karanta su, amma ka san abin da kake karantawa. Hot Rod tana fitowa tun 1948. Hemmings Motor News, wadda ta fara a 1954, asalinta tallan masu saye da sayarwa ne, kuma ita ce ta fi amfani ga ɗan kasuwa don tana nuna abin da talakan mota ke nema, ta kuma yi 'yar'uwa Hemmings Muscle Machines da ta keɓanta ga irin waɗannan motoci. Labarin da ke hawa bango kuwa na zakaru ne: Plymouth Hemi Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971 da ta kai dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a 2014, ko Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim, wadda ta haura dala miliyan 3.7 a 2020. Babu mujallar da za ta sa hoton mutumin da aikinsa ya tsaya rabi ya sayar da asara. Ka lura kuma cewa a ƙarshen 2019 kamfanin da ke buga Muscle Car Review da Car Craft da Super Chevy ya daina buga su a takarda. Ciniki da farashi sun koma intanet. Ka duba Bring a Trailer, inda ake ganin kuɗin da aka biya a zahiri, da jadawalin farashi na kamfanin Hagerty mai raba mota daraja huɗu gwargwadon lafiyarta.

Kada kuma ka yi tunanin kawo ta gida a gyara da araha. Dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 12, wannan kuwa ta haura 50. Ko da ta shigo, wa zai saya a nan da farashin gwanjon Amurka?

In har zuciyarka ta kafe, ga yadda zan yi da ni ne. Kuɗin ya fito daga rarar da ba za ta girgiza shago ba ko ta kwana shekara uku. A biya ƙwararren mai duba Camaro, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga motar ya karanta lambobin inji ya rubuto rahoto. A tabbatar takardar mallaka tana da sunan mai sayarwa kuma lambarta ta dace da ta jikin mota. Ku rubuta yarjejeniya da ƙaninka a gaban shaidu: nawa kowa ya sa, wa ke da ikon sayarwa, yaya za a raba asara. In rahoton ya nuna asali ce, ku tayar da injin, ku gyara birki, ku wanke ta, ku sayar da ita haka ga mai sha'awar da zai ƙarasa aikin da kuɗinsa. In ya nuna gama-gari ce mai tsatsa, ka gode wa ƙaninka, dala 18,000 ɗin ta koma ga Corolla da Camry da ka san masu sayensu.