Ki Tambayi Anti Likita: Duk lilon da na hau sai na yi amai

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a taimaka min da shawara, ni dai duk sanda muka kai yara wajen wasa na hau lilon nan mai juyi, wanda ake zama cikin kofi yana wulwulawa da mutum, kafin a tsaya zufa ta karyo min, miyau ya cika min baki, ina sauka sai amai, kuma jirin sai ya wuni bai sake ni ba. Ɗana mai shekara 7 shi ma haka yake amma kullum kuka yake sai na hau da shi. Ciwo ne ko kuwa akwai magani? Daga Maman Biyu.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Biyu, sannu, wallahi na tausaya miki, wanda bai taɓa ji ba gani yake raki ne.

Ba ciwo ba ne, gardama ce tsakanin idonki da kunnenki. Can cikin kunne akwai wasu ƴan bututu guda uku masu ruwa a ciki, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa kin juya ko kin karkata. To a kan lilo kunne yana cewa juyawa muke, ido kuma ya kafe kan fuskar yaron da ke zaune gabanki yana cewa a'a a zaune muke, sai ƙwaƙwalwa ta rikice ta tayar miki da zuciya. Ko bayan an tsaya ruwan nan bai gama kwanciya ba, shi ya sa kike ganin ƙasa na ta juyawa. Yara ƴan shekara 2 zuwa 12 sun fi kowa fama da shi, sai masu ciki da masu ciwon kai na ɓari guda.

Abin da nake so ki riƙe shi ne tun kafin a hau ake yin maganin abin, in amai ya riga ya taso ƙwaya ba ta da wani amfani sosai, don cikin ma ya daina karɓa. Kar ki je da yunwa, kar kuma ki cika ciki da abu mai maiƙo, ki ɗan ci abu mara nauyi kamar awa ɗaya ko biyu kafin nan, ki sha ruwa. In kin hau ki jingina ƙeyarki da kujera ki bar waige-waige, juya kai a lokacin da lilo ke juyi shi ne ya fi komai tayar da jiri, na sha ganin uwa tana ta leƙen waya wai tana ɗaukar yaro bidiyo, ita ce ta farko da za ta sauko tana dafe bango. Idonki ya kasance gaba inda aka nufa. A lilon kwale-kwale mai kaiwa da komowa ki nemi kujerar tsakiya, ƙarshen ne ya fi cillawa sama. In kuma irin na cikin ɗaki ne mai allon sinima da tabarau, kujera na girgiza, to rufe ido kawai zai rage miki. Kuma dan Allah kar a sauka daga wannan a ruga wancan, a huta tukuna.

Maganin kemis akwai: dimenhydrinate ana sha minti 30 zuwa awa 1 kafin hawa, cinnarizine kuma awa 2 kafin nan. Akwai filastar hyoscine da ake mannawa bayan kunne tana kaiwa awa 72, amma wannan ba ta ƙaramin yaro ba ce, mai ciwon hawan jinin ido wato gilakoma shi ma ya kiyaye ta. Dukkansu suna sa barci, in ke za ki tuƙo mota ki dawo da yara to ki yi tunani. Magungunan alaji (atishawa da ƙaiƙayi) irin su loratadine da cetirizine da ba sa sa barci, ba sa aiki a nan, kar ki ɓata kuɗinki. Na yaronki kuma kar ki ɓallo masa rabin naki, ki faɗa wa likita ko mai kemis shekarunsa su auna masa. Citta ma tana taimaka wa wasu, ko alewarta ce a tsotsa.

In ya riga ya kama ki, ki zauna a inuwa inda iska ke kaɗawa, ki kalli abu guda da ba ya motsi, ki ja numfashi a hankali, ki riƙa kurɓar ruwan sanyi kaɗan-kaɗan. Wunin nan da kika ce jiri na yi miki ne ya ɗan tsaya min a rai. In ya kwana bai tafi ba, ko ya zo da matsanancin ciwon kai, ko ƙara a kunne, ko gani biyu-biyu, kar ki ce ai lilo ne, ki je asibiti a duba ki.